Yunwa a Bakin Kasuwa

A kasuwanninmu, idan mai saye ya tsaya gaban tulin dankalin da ake kawowa daga Jos, ba kasafai yake ce masa dankalin Turawa ba. "Airish" yake cewa, mai sayarwa kuma ya fahimta, ya auna masa. Da wannan kalma na tashi a kunnena, ban kuwa taɓa tambayar asalinta ba sai da na shiga jami'a ina karatun tarihi. A nan na gane cewa sunan wata al'umma ce, wato mutanen tsibirin Ayalan, waɗanda dankalin ya ciyar da su shekara da shekaru kafin ya ruɓe musu a gona a 1845. A wata jarrabawa ta aji uku an tambaye mu musabbabin babbar yunwar da ta biyo baya, na rubuta cewa cutar dankali ce ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, ta kuma kori wani miliyan ɗaya zuwa ƙetare. Malami ya ba ni maki. Na riƙe wannan amsa a matsayin cikakkiyar gaskiya har ranar da na taka ƙafa a garin Skibbereen, inda na gane ashe rabin amsa na bayar.

Yayana da ke aiki a birnin Cork ne ya gayyace ni bayan na kammala digiri, ni kuwa na roƙe shi ya bar ni in yi kwana uku a yammacin lardin. Daga Cork zuwa Skibbereen tafiyar kimanin kilomita 80 ce, a kan hanyar da ke ratsa Bandon da Clonakilty da Rosscarbery. Duk inda ido ya kai kore ne shar, shanu da tumaki suna kiwo cikin gonakin da aka kewaye da katangar duwatsu, ga yayyafi yana sauka yana ɗaukewa. Wanda ya fito daga ƙasar da ake jiran damina wata bakwai, in ya ga irin wannan ni'ima, da wuya ya yarda cewa an taɓa mutuwa da yunwa a nan.

Skibbereen ƙaramin gari ne a bakin kogin Ilen, mazaunansa ba su wuce 3,000 ba, kuma sunansa a harshen Gelik na mutanen ƙasar yana nufin ƙaramar matsayar kwalekwale. Kogin yana gangarawa kimanin kilomita 12 ya faɗa tekun Atlantika a kusa da ƙauyen Baltimore. A daren 20 ga Yuni 1631, 'yan fashin teku daga Arewacin Afirka, ƙarƙashin Murad Rais, wanda asalinsa mutumin Holan ne, suka dira a Baltimore suka kwashe mutum sama da ɗari, suka kai su kasuwar bayi ta Aljiyas. An ce da yawa daga waɗanda suka tsira sun gudo nan cikin tudu, abin da ya ƙara wa Skibbereen jama'a. Tun daga wancan ƙarni garin ya zama inda manoman karkara da masuntan gaɓa suke haɗuwa don ciniki. Kakanninsu sun guje wa bala'in da ke zuwa ta teku, amma wanda ya sami jikokinsu bayan shekara ɗari biyu a cikin gona ya tarar da su.

Na isa ranar Juma'a da yamma, washegari Asabar kasuwa ta ci. A wani fili a tsakiyar gari aka kakkafa rumfuna: ga cuku iri-iri, ga man shanu, ga burodi mai zafi, ga kifin da aka kamo da asuba, ga zuma, ga kuma dankali da ƙasar gona a jikinsa. Na sayi burodi na zauna a kan wani dakali, na buɗe littafin da nake rubuta bayanai. A cikinsa na kwafo labarin wani rahoto da Manjo Parker, jami'in da ke sa ido kan ayyukan agaji na gwamnati, ya aika daga wannan gari a Disamba 1846. Ya ba da labarin gawarwaki a gidaje da kan hanya, sa'an nan ya ƙara da cewa duk da wannan hali, ranar Asabar kasuwar garin cike take da nama da burodi da kifi da kowane irin abinci. Na karanta wannan a ɗakin karatu a gida bai dame ni ba. Da na sake karanta shi a bakin kasuwar Asabar ta garin da aka rubuto shi, sai burodin ya tsaya mini a maƙogwaro. Kasuwa ba ta tashi ba a lokacin yunwar. Mutane sun mutu ne suna kallon abincin da ba su da kuɗin saye.

Kafin a fahimci yadda haka ta faru, sai an duba wanda ya mallaki ƙasa. Tun daga 1801 Ayalan ta zama ɓangare na Haɗaɗɗiyar Daular Birtaniya, daga Landan ake yi mata doka. Mafi yawan ƙasar noma tana hannun 'yan tsirarun masu ƙasa, zuriyar waɗanda aka raba wa filaye bayan yaƙe-yaƙen ƙarni na 16 da na 17, wasunsu ma a Ingila suke zaune, wakilai ke karɓar musu haya. Manomi mai haya yana noma alkama da sauran hatsi, ya yi kiwon alade, ya kaɗa man shanu, amma duk waɗannan na sayarwa ne domin biyan kuɗin hayar gona. A ƙarƙashinsa kuma akwai ɗan ƙodago, wanda ake ba shi ɗan fili ya shuka dankali a madadin aikin ƙarfinsa. Dankali ya dace da wannan tsari domin eka ɗaya takan ciyar da iyali guda, kuma yana yi ko a ƙasa mai duwatsu da dausayi. Namiji ma'aikaci yakan ci abin da ya kai kilo shida a yini, ya kora da madarar da aka cire wa mai. Ƙidayar 1841 ta nuna mutanen tsibirin sun haura miliyan takwas, kuma kimanin miliyan uku daga cikinsu ba su da wani abinci sai wannan. Galibi ma iri ɗaya suke shukawa, wanda ake kira Lumper, mai yawan 'ya'ya amma maras juriya ga cuta.

Cutar ta bayyana a Satumba 1845. Wata ƙwaya ce mai kama da funfuna, wadda masana suka sa wa suna Phytophthora infestans, ta taso daga nahiyar Amurka, iska da danshi suke yaɗa ta. Ganye yakan yi baƙi, dankalin ya narke a cikin ƙasa yana wari. A shekarar farko ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na amfanin, a 1846 kuwa ta share kusan duka. Ta kuma shiga Beljiyam da Holan da Jamus da tsaunukan Sikotilan, an sha wuya a can, an yi mace-mace, amma babu inda aka yi asarar rayuka kwatankwacin ta Ayalan. Wannan bambanci shi ne abin da amsata ta jarrabawa ta kasa bayyanawa.

Daga kasuwa na nufi cibiyar adana tarihin garin, wadda ke cikin tsohon ginin kamfanin gas a bakin kogi. A nan aka jera matakan da gwamnati ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Firayim Minista Robert Peel ya sayo masara ta fam 100,000 daga Amurka a ƙarshen 1845 domin a karya farashi, kuma a shekarar farko ba a yi mace-mace da yawa ba. A tsakiyar 1846 gwamnatinsa ta faɗi, Lord John Russell ya hau, tare da mutanen da suka yi imani cewa bai kamata hukuma ta sa hannu a cinikin abinci ba. Babban jami'in Baitulmali mai kula da agaji, Charles Trevelyan, yana ganin in gwamnati ta shigo da hatsi za ta karya 'yan kasuwa, in ta ba da kyauta za ta koya wa talaka lalaci. Ya kuma ɗauki bala'in a matsayin hukuncin Ubangiji da zai gyara tsarin noman ƙasar. Don haka aka ce wanda ke son ci ya yi aikin hanya a biya shi.

Lada kimanin kwabo takwas ne a yini, alhali farashin garin masara yana ta hawa, ga hunturun 1846 zuwa 1847 ya zo da sanyi mai tsanani. Mutane da yunwa ta riga ta cinye suna fasa dutse cikin ƙanƙara da tsummoki a jikinsu, ladan ma ba ya zuwa a kan kari. Ranar 24 ga Oktoba 1846 wani lebura mai suna Denis McKennedy ya faɗi ya mutu a bakin aikin hanya a yankin Caheragh, arewa da Skibbereen, yana bin hukuma bashin ladan mako biyu. Masu binciken musabbabin mutuwarsa suka yanke cewa yunwa ce ta kashe shi, sakamakon mummunan sakaci na Hukumar Ayyuka. Na daɗe a tsaye gaban sunansa. A cikin dubban da suka mutu a wannan yanki, yana cikin ƙalilan da aka rubuta sunansu, da ranar mutuwarsu, da wanda ke da alhaki.

Skibbereen ba ita kaɗai ta sha wannan azaba ba. Yankunan Mayo da Clare da Galway sun ga irinta. Abin da ya sa sunanta ya zama tambarin yunwar shi ne ta sami shaidu masu alƙalami. Likitan garin, Daniel Donovan, yana zagaya bukkoki da rana, da dare ya rubuta abin da ya gani a buga a wata jarida ta Cork. Wani majistare daga Cork, Nicholas Cummins, ya ziyarci ƙauyen South Reen a tsakiyar Disamba 1846 ɗauke da burodi, ya shiga wata bukka ya tarar da mutum shida kwance a kan tattaka, ya zaci gawarwaki ne sai da ya ji nishi. Ya rubuta wa Duke na Wellington buɗaɗɗiyar wasiƙa, jaridar The Times ta Landan ta buga ta ranar 24 ga Disamba, jajibirin Kirsimeti. A Fabrairu 1847 jaridar Illustrated London News ta buga zane-zanen James Mahony, ciki har da na wani yaro da yarinya suna tonon gonar da aka riga aka girbe ko za su dace da dankali ɗaya. Limamin cocin Furotesta na yankin, Richard Boyle Townsend, ya tafi har Landan ya roƙi Trevelyan ya aiko da abinci. Ya dawo ya ci gaba da hidimar majinyata har zazzaɓin da ke bin yunwa ya kashe shi a 1850.

Kusa da cibiyar, a kan titin Ilen, akwai wani dogon ginin dutse, tsohon injin niƙa. A nan kwamitin mutanen gari ya fara dafa abinci yana rabawa tun Nuwamba 1846, kafin gwamnati ta yarda da wannan hanya. Sai a farkon 1847 majalisar Landan ta amince a daina aikin hanya a koma rabon dafaffen abinci, galibi fate-faten masara. Zuwa Yuli na wannan shekara mutum kimanin miliyan uku ake ciyarwa kullum a faɗin tsibirin, mace-mace kuma suka ragu. A ganina babu hujjar da ta fi wannan nauyi a dukan tarihin yunwar, domin ta nuna cewa hukuma tana da ikon ciyar da jama'a sa'ad da ta ga dama. Amma a watan Satumba aka rufe wuraren rabon, aka ce daga yanzu dukiyar Ayalan ce za ta ɗauki nauyin talaucin Ayalan, ta hanyar harajin da kowane yanki zai tara wa gidan gajiyayyunsa. Aka kuma sa wani sharaɗi, wanda ɗan majalisa William Gregory ya kawo, cewa duk mai riƙe da gonar da ta wuce rubu'in eka ba zai sami agaji ba sai ya sake ta. Magidanci ya zaɓa: ko ya riƙe gona 'ya'yansa su mutu, ko ya saki gona ya zama ba shi da komai har abada. Masu ƙasa da yawa suka yi amfani da wannan dama suka rushe bukkoki, suka mai da filayen makiyaya.

Da la'asar na bi hanyar yamma da ƙafa, gefen kogi, zuwa maƙabartar Abbeystrowry, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Tsohuwar maƙabarta ce a kan gangare, da kangon wani wurin ibada na zamanin da. Kaburburan masu hali suna da duwatsu da sunaye. Daga ƙasa kuwa, kusa da hanya, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili mai ciyawa, wanda baƙo zai iya wucewa bai kula ba. A ƙarƙashinsa aka binne mutum tsakanin 8,000 da 10,000 a manyan ramuka, galibinsu ba likkafani ba akwati. Gidan gajiyayyun garin, wanda aka gina domin mutum 800, ya cika ya tumbatsa, amalanke yana kwaso gawa daga can da kuma daga tituna. Da katako ya yi tsada sai aka ƙera akwati mai buɗaɗɗen gindi, a kai mamaci bakin rami a zare, a dawo da akwatin a ɗauki na gaba. Na auna filin da ido, bai kai filin ƙwallon makarantarmu ta firamare ba, amma waɗanda ke kwance a ciki sun ninka mazauna garin na yau sau uku. Na tsaya shiru. A al'adarmu mai ziyarar maƙabarta yana yin sallama ga mazaunanta, ban kuwa san da wane harshe zan yi wa waɗannan ba, domin yawancinsu Gelik suke ji, harshen da yunwar ta kusa binnewa tare da su.

Rana ta biyu na hau keke zuwa karkara ta kudu. Na bi ta tafkin Lough Hyne, tafkin ruwan gishiri da teku ke shiga ta wata ƙaramar mashiga, wanda aka keɓe a 1981 domin kare halittun ruwa. A kan tuddan da ke kewaye, inda yanzu babu kowa sai tumaki, wani dattijo da na tarar yana gyaran shinge ya nuna mini wasu layuka a jikin ciyawa, waɗanda ba a ganinsu sosai sai rana ta karkata. Kunyoyin dankali ne na mutanen da. Ɗan manomi ba ya bukatar a yi masa bayanin kunya. Na ga inda wani ya tsaya da magirbi ya tada ƙasa, ya ɗauko ciyawar teku a bayansa ya zuba taki, yana sa ran girbi. Kusa da su akwai tarin duwatsu da ƙaya ta rufe, kufan gidaje. Tsakanin ƙidayar 1841 da ta 1851 yankin Skibbereen ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jama'arsa.

A Baltimore na hau tudun da aka gina wata farar hasumiya mai nuna wa jirage mashiga, na dubi teku, sai tambayar da kowane baƙo ke yi ta zo mini: ga ruwa cike da kifi, me ya hana su kamawa? Amsar tana komawa ga talauci. Kwalekwalensu ƙanana ne, ba sa iya fita cikin haukan Atlantika da hunturu. Da yawa sun jinginar da koma da taru tun shekarar farko don sayen gari, gishirin adana kifi kuma sai da kuɗi. Abin da hannu ke iya kaiwa, wato ciyawar teku da dodon koɗi na bakin gaɓa, an tsince shi tas. Can kudu maso yamma, bayan tsibirin Cape Clear, akwai dutsen Fastnet, wanda ake yi wa laƙabi da hawayen Ayalan, domin shi ne yanki na ƙarshe na ƙasarsu da masu ƙaura zuwa Amurka suke gani. Ba duka suka isa ba. A tsibirin Grosse Île na Kanada, inda ake tsare jirage don binciken lafiya, an binne sama da mutum 5,000 a 1847 kaɗai. Har yau, bayan shekara fiye da 170, yawan mutanen tsibirin Ayalan bai koma adadin 1841 ba.

Adalci ya wajaba a kan mai rubuta tarihi, ko da zuciyarsa ta karkata. Masana sun nuna cewa ko da an hana fitar da hatsi gaba ɗaya, abin da ya rage ba zai cike gurbin dankalin da ya ruɓe ba, kuma daga 1847 hatsin da aka shigo da shi ya fi wanda aka fitar. Mutanen kirki a Ingila sun tara kuɗi masu yawa, mabiya ɗariƙar Kwaka sun yi hidima ba dare ba rana, Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya aiko da fam 1,000, har ƙabilar Choctaw ta Amurka, wadda ba ta daɗe da fitowa daga nata bala'in ƙaura ba, ta tara dala 170. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a watannin da suka fi muni, daga kakar 1846 zuwa bazarar 1847, jirage sun ci gaba da fita da hatsi da shanu da man shanu, alhali masarar ƙetare ba ta iso ba, kuma wannan ya faru ne a cikin daular da ta fi kowace arziki a duniya a lokacin. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya bayyana a littafinsa na 1981 cewa yunwa takan auku ne sa'ad da wani rukuni na jama'a ya rasa hanyar mallakar abinci, ko da abincin yana nan. Manjo Parker ya ga haka da idonsa a kasuwar Skibbereen shekara 135 kafin a ba abin suna.

A daren ƙarshe, ina kwance a masauki, kakata ta faɗo mini a rai. Takan ba mu labarin da ta ji daga mahaifiyarta na shekarar Kakalaba, yunwar da ta auka wa ƙasar Hausa a 1913 zuwa 1914, lokacin da mata ke tona gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsi. Mutanen Ayalan suna kiran tasu An Gorta Mór, wato babbar yunwa, mu ma mun raɗa wa tamu suna. Daula ɗaya ce ke mulkin ƙasashen biyu sa'ad da abin ya faru. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, haraji kuma da kuɗi ake biyansa. Da aka tambaye mu musabbabin Kakalaba a makaranta, fari muka ce, aka ba mu maki. Ban taɓa tambaya ko kasuwa ta ci a wannan shekara ba, ko wa ya sayi hatsi, wa ya kasa, ko ina aka binne waɗanda suka faɗi a hanya. Ban san wani fili da aka keɓe musu ba, ban kuma san sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu ba, har da 'yan'uwan kakar tawa.

Da safe kafin motar Cork ta tashi na sake komawa Abbeystrowry. An yi ruwa da dare, ciyawar filin ta jiƙe, wani ya ajiye furanni a gefen dutsen tunawa. Wannan karon na yi musu sallama da harshena. Sa'an nan na buɗe sabon shafi a littafina, na rubuta sunayen tsofaffi huɗu na garinmu da nake fatan in tarar da su da rai in na koma, da tambayoyin da zan yi musu.